Haƙƙin Abin da Hannu Ya Yi: Frankenstein da Ƴan'uwansa a Adabin Gotik

Akwai kalmar da Bahaushe ba ya sakin baki da ita a kan ɗan Adam, ita ce "halitta". Maƙeri ya ƙera garma, masassaƙi ya sassaƙa turmi, marubuci ya ƙaga labari, mace ta haifi ɗa, amma ba a cewa ɗayansu ya halicci wani abu. Wannan aiki na Mahalicci ne, kuma harshen ya keɓe masa kalmarsa. Saboda haka duk wanda zai ba da labarin Frankenstein da Hausa sai ya tsaya tun a jumlar farko ya tambayi kansa abin da Victor Frankenstein ya yi a ɗakin bincikensa. In aka ce ƙira ce, abin da ya fito yana numfashi, yana jin yunwa da sanyi, garma kuwa ba ta jin komai. In aka ce haihuwa ce, babu uwa, babu naƙuda, babu ungozoma. In aka ce halitta ce, an ba mutum abin da ba nasa ba. A ganina wannan tsaikon shi ne ƙofar shiga littafin, domin labari ne na mutumin da ya yi aikin da ba shi da suna, sannan ya ƙi ɗaukar nauyin da ya biyo baya. Shi kuwa abin da ya yi, a nan zan riƙa kiransa "talikin". Na guji kalmar "dodo", don wanda aka kira dodo an riga an yanke masa hukunci tun ba a ji ta bakinsa ba.

Kafin mu yi nisa, bari mu san gidan da labarin ya fito. Adabin gotik reshe ne na ƙagaggun labaran Turai wanda ya ginu a kan tsoro, duhu, tsofaffin gine-gine da asirin dangi. Sunan na wata tsohuwar ƙabila ce ta Turai, daga baya aka laƙaba shi ga tsarin ginin manyan majami'u na tsakiyar zamani, daga gini kuma ya koma kan labarai. Masana sukan fara ƙirga daga littafin Horace Walpole na 1764 a kan fadar Otranto. A irin waɗannan labaran na farko, abin tsoron gado ne: fatalwar kaka, la'anar da ke bin zuri'a, azzalumin mai sarauta da kurkukunsa na ƙarƙashin ƙasa. Sauyin da Mary Shelley ta kawo a 1818 shi ne ta sa abin tsoron ya fito daga hannun tauraron labarin, da iliminsa, kuma da son ransa. Tun daga nan marubutan gotik suka sami sabon jigo, wato alaƙar mai yi da abin da ya yi.

Sanin wadda ta rubuta littafin yana ƙara wa mai karatu haske. An haifi Mary a Landan a 1797. Mahaifiyarta, Mary Wollstonecraft, marubuciya mai fafutukar ƴancin mata, ta rasu kwana 11 da haihuwarta. Mahaifinta, William Godwin, masanin falsafa ne, kuma ya juya mata baya na wani lokaci bayan ta gudu da mawaƙin nan Percy Shelley a 1814. A farkon 1815 ta haifi ƴarta ta fari bakwaini, jaririyar ta rasu kafin ta cika mako biyu. A 1816, tana da shekara 18, tana goyon ɗanta na biyu, suka je gaɓar tafkin Janeba a ƙasar Suwizalan, inda Lord Byron ya kama wani gida. A wannan shekarar yanayi ya rikice a Turai saboda tokar dutsen Tambora na Indunusiya da ya yi aman wuta a 1815. Ruwan sama ya tsare su a ɗaki, suna karanta labaran fatalwa, sai Byron ya ce kowa ya rubuta nasa. Na Mary shi ne ya zama Frankenstein, wanda ya fito a watan Janairu na 1818, kwafi 500, babu sunan marubuciya a jikinsa, amma an sadaukar da shi ga Godwin. Wadda ta tashi babu uwa, ta binne ƴa, uba kuma ya yi fushi da ita, ita ce ta zauna ta rubuta labarin ɗan da aka yi aka yar.

Zamanin ma ya taimaka. A 1791 Luigi Galvani ɗan Italiya ya wallafa yadda ƙafar mataccen kwaɗo ke motsi idan lantarki ya ratsa ta. A 1803 ɗan ƴar'uwarsa Giovanni Aldini ya gwada irin wannan a kan gawar wani da aka rataye a Landan, jama'a suna kallo. Don haka masu karatun lokacin ba su ɗauki batun tayar da nama da lantarki almara zalla ba. Duk da haka littafin bai faɗi yadda Victor ya sa wa talikin rai ba. Da ya ga mai sauraronsa yana kwaɗayin sani, ƙin faɗa ya yi. Marubuciyar ta wuce dabarar da sauri, ta tsaya a kan abin da ya faru bayan ido ya buɗe.

Ga abin da ya faru. Victor ɗan babban gida ne a Janeba, ya tafi karatu jami'ar Ingolstadt a ƙasar Jamus jim kaɗan bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ya shafe kusan shekara biyu yana haɗa jiki daga abin da yake kwasowa a makabarta da mahauta da ɗakin fiɗar gawa. Ya yi shi ƙato, kimanin ƙafa 8, saboda ƙananan gaɓoɓi suna rage masa sauri. Ku lura da wannan dalilin: girman da zai hana talikin shiga cikin mutane har ƙarshen rayuwarsa, an zaɓa masa shi ne don sauƙin aikin wani. A wani daren Nuwamba talikin ya buɗe ido. Victor ya dube shi, ya ga fata rawaya da ba ta gama rufe jijiyoyi ba, da baƙaƙen leɓɓa, ƙyama ta kama shi, ya fita da gudu. Da ya farka daga wani mugun mafarki, sai ya ga talikin tsaye a bakin gadonsa, ya ɗaga labule, yana motsa baki, ya miƙo hannu. Victor ya sake sheƙawa. Washegari da ya dawo ya tarar ɗakin wayam, tsalle ya yi don murna, daga nan zazzaɓi ya kwantar da shi watanni, abokinsa Henry Clerval yana jinyarsa. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance, sai dai ita uwar ta sami mai jinya, ɗan kuwa yana daji cikin sanyi.

Nakan koma wannan babin saboda hannun nan da aka miƙo. Victor ya fassara shi da yunƙurin kamawa. Amma a wannan sa'ar talikin bai yi wa kowa komai ba, bai san wuta ba, bai san kalma ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da jariri ya san abin da miƙo hannu ke nufi. Laifinsa ɗaya muni, shi ma wanda ya zaɓo gaɓoɓin ne ya ɗora masa. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Victor kuwa ya yar da nasa tun bai ruɓe ba.

Sai batun suna. Daga farkon littafin har ƙarshensa talikin ba shi da suna. Shaiɗan, ƙwaro, la'ananne, da irin waɗannan Victor yake kiransa. A wurinmu, inda ake tara mutane rana ta bakwai a raɗa wa jariri suna, a yanka rago, wanzami ya yi aski, wannan rashin yana da nauyin da ba sai an yi dogon bayani ba. Ranar suna ita ce ranar da uba ke tsayawa gaban jama'a ya ce wannan nawa ne. Gaskiya ne akwai iyayen da ba sa ambaton sunan ɗan fari saboda alkunya, amma wannan shirun yana zaune ne a kan sunan da kowa ya sani, kuma yaron ya san ƙauna ce aka lulluɓe. Shirun Victor babu komai a ƙarƙashinsa. Lokacin da aka fara nuna labarin a dandalin wasan kwaikwayo a Landan a 1823, a takardar jerin ƴan wasa layi kawai aka ja a gurbin sunan talikin, kuma Mary da ta je kallo abin ya burge ta. Daga baya duniya ta yi nata hukuncin: yau in ka ce Frankenstein, yawancin mutane talikin suke nufi. Sunan da uban ya hana shi, masu karatu sun ɗauka sun ba shi.

Sashen da na fi so, kuma wanda ya fi kusa da ku masu koyon harshe, shi ne inda talikin yake ba da labarin kansa. Bayan mutanen wani ƙauye sun kore shi da jifa, ya ɓuya a wata ƴar rumfa da ke manne da bukkar wasu Faransawa masu gudun hijira, iyalin De Lacey: tsoho makaho, ɗansa Felix da ƴarsa Agatha. Ta wata ƴar kafa a jikin bango yake kallonsu. Da ya gane talakawa ne, ya daina ɗibar abincinsu, ya koma yi musu itace da dare yana ajiyewa a ƙofa. Ta wannan kafar ya koyi magana. Sunayen wuta da madara da burodi da itace ya fara kamawa, sannan ya lura cewa mutanen gidan suna kiran juna uba, ɗa, ɗan'uwa, ƴar'uwa. Da wata baƙuwa mai suna Safie ta zo, ƴar wani ɗan kasuwa Baturke, Felix ya shiga koya mata Faransanci, talikin yana bin darasin daga bayan bango, har ya fi ta saurin ɗauka. Ɗalibi ne da malaminsa bai san da shi ba.

Duk wanda ya koyi wani harshe da girmansa ya san daɗin ranar da surutu ya fara zama magana. Amma kowace kalma da talikin ya koya sai ta nuna masa abin da ya rasa. Ya san "uba" ya duba bai ga nasa ba. Ya tsinci littattafai uku a daji, ciki har da doguwar waƙar John Milton a kan Adamu da fitarsa daga Aljanna, ya karanta ta a matsayin tarihi na gaskiya, ya gwada kansa da Adamu, ya ga shi Adamu ba a yi shi an gudu ba. Abin da ya fi duka ciwo yana cikin aljihun rigar da ya ɗauko daga ɗakin binciken: takardun da Victor ya riƙa rubuta aikinsa na watannin ƙarshe. Da ya iya karatu, abin da ya karanta shi ne irin ƙyamar da mai yin sa ya ji tun yana haɗa shi. Ni dai ban san wani wuri a adabi da ilimi ya yi wa mai shi tsada haka ba.

Duk da haka ya gwada sa'arsa. Ya jira ranar da tsohon yake shi kaɗai, ya shiga, ya yi masa magana cikin ladabi. Makahon ya saurare shi, ya ji gaskiya a muryarsa, ya yi alkawarin taimako. Sai masu ido suka dawo: Agatha ta suma, Safie ta gudu, Felix ya rufe shi da duka. Bayan nan ya ceci wata yarinya da ruwa zai tafi da ita, wanda ke tare da ita ya harbe shi da bindiga. A lokacin yana kan hanyarsa ta zuwa Janeba neman wanda ya yi shi.

Sun haɗu a kan ƙanƙarar tsaunukan Alp, kusa da Chamonix. Victor ya zo da zagi, talikin ya zo da hujja. Abin da ya faɗa, a taƙaice, shi ne cewa akwai abin da kowannensu ke bin ɗan'uwansa, kuma in Victor ya sauke nasa, shi ma zai sauke. A nan Hausa tana da kalmar da ta dace sarai, wato "haƙƙi". Kalma ce mai fuska biyu: haƙƙina shi ne abin da nake bi, haƙƙin wani a kaina shi ne abin da ake bi na. Daga tushe ɗaya muka sami "alhaki", nauyin da ke hawa kan wanda ya danne haƙƙin wani. Victor tun yana haɗa gaɓoɓi yake mafarkin sabon jinsi da zai riƙa gode masa fiye da yadda ɗa ke gode wa uba. Fuska ɗaya ta haƙƙin ya hango, wadda ake biyansa. Littafin ya nuna cewa sai a kan wannan ƙanƙarar ne, bayan an riga an zubar da jini, ya fara jin cewa shi ma ana bin sa. Harshenmu ya raba haihuwa da reno, har ya ba uwar goyo matsayin da wani lokaci ya kai na mahaifiya. Victor ya yi na farkon ta hanyar da ba a taɓa gani ba, na biyun kuwa, wanda kowace tsohuwa a ƙauye ta iya, ya gagare shi.

To, kada tausayi ya ɗauke mu ya wuce da mu. Wata shekara a Damagaram na ba ɗalibai wannan labarin, aji ya rabu biyu. Wasu suka ce laifin duk na Victor ne, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi kuwa wannan ba a ko taɓa shi ba. Wasu suka ce wanda ya karanta littattafai uku, ya san alheri har ya yi shi, ba shi da uzurin kisa. Ana cikin haka wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, duk kun manta da Justine." Ajin ya yi tsit. Justine Moritz ƴar aiki ce da ta tashi a gidan su Victor. Bayan talikin ya shaƙe William, ƙaramin ƙanen Victor, ya cire wani ɗan hoto daga wuyan yaron ya saka a tufafinta, yana sane da abin da dokar mutane za ta yi mata. Victor kuma ya zauna a kotu, ya san wanda ya yi kisan, ya yi shiru don kada a ce ya haukace. Aka matsa mata har ta amsa laifin da ba ta yi ba, aka kashe ta.

Tun daga ranar nake karanta littafin da idon wannan ɗalibar. Yar da talikin da aka yi ya bayyana dalilin muguntarsa, amma bai wanke shi daga jinin Justine ba, kamar yadda firgicin Victor bai wanke shi daga shirunsa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka biya bashin: yaro ƙarami, ƴar aiki, aboki, amarya, da tsohon uban da baƙin ciki ya kashe. Babu ɗayansu da aka yi shawara da shi ranar da aka fara aikin, babu ma wanda aka gaya wa akwai haɗari. A matsayina na uba kuma malami, wannan ne wurin da labarin yake taɓa ni. Yaron da aka yi sakaci da shi ba ya komawa kan mai sakacin kaɗai. Maƙwabta da abokan zama su ne kan fara ɗanɗana.

Talikin ya roƙi abu ɗaya: a yi masa mace irinsa, su tafi dazukan Kudancin Amurka, kada a sake ganinsu. Victor ya yarda, ya tafi wani tsibiri a Orkney, arewacin Sikotilan, ya fara aiki. Yana tsakiyar aikin tunani ya zo masa. Idan ta fi shi mugunta fa? Idan ta ƙi alkawarin da aka ƙulla tun ba a yi ta ba? Idan ta ƙyamace shi? Idan suka hayayyafa? Tambayoyi ne masu ma'ana, kuma su ne ya kamata ya yi a Ingolstadt. Yana ɗaga kai ya ga talikin a taga yana kallo, sai ya yayyaga abin da ya haɗa a gabansa. Masu karatu har yau suna jayayya a kan wannan hukuncin. Ni ina ganin dalilan suna da ƙarfi, amma yadda aka yi abin, a gaban idon mai jira, ba tare da ko kalma ɗaya ta lallashi ba, shi ya mayar da ƙin yarda yaƙi. Clerval ya mutu, Elizabeth ta mutu a daren aurenta.

Daga nan alaƙar ta juya. Wanda ya yi ta gudu ya zama mai bi. Victor ya bi talikin ta Rasha har ƙanƙarar ƙarshen arewacin duniya, talikin kuma yana barin masa rubutu a jikin itatuwa da duwatsu, har da abinci, don kada ya mutu a hanya. Kowannensu ya rasa kowa sai ɗayan. Kulawar da talikin ya nema da roƙo bai samu ba, ya same ta da kisa, domin yanzu Victor ba ya tunanin komai sai shi. Da Victor ya cika a cikin jirgin ruwan Robert Walton, talikin ne ya shigo ya tsaya a kan gawar yana kuka yana neman gafara, sannan ya ce zai je ya ƙone kansa, ya ɓace cikin duhu.

Marubutan da suka biyo baya kowanne ya kama igiyar ta wani gefe. A labarin Robert Louis Stevenson na 1886, likita Jekyll bai je makabarta ba, daga cikin kansa ya fitar da Hyde ta hanyar shan wani haɗin magani. Kuma bai gudu ba. Ya kama masa gida, ya buɗe masa asusu a banki, ya rubuta wasiyya ya bar masa dukiyarsa. Shi da kansa ya kwatanta zamansu da na uba mai ɗoki da ɗan da bai damu ba. Victor ya lalata nasa da yarwa, Jekyll ya lalata nasa da shagwaɓa, domin Hyde yana yi masa abin da yake sha'awa amma yake jin kunyar yi da fuskarsa. Hyde ya fara ƙarami, ya yi ta ƙarfi, ya tattake yarinya a titi, ya kashe wani dattijo ɗan majalisa, har ya koma fitowa ba tare da an sha maganin ba. A ƙarshe gishirin da ake haɗawa da shi ya ƙare, sabon da aka sayo bai yi aiki ba, Jekyll ya fahimci cewa wani gurɓi da ke cikin na farkon ne sirrin. Ashe bai taɓa sanin yadda ya yi abin da ya yi ba.

A littafin Oscar Wilde, wanda ya fito a mujalla a 1890 sannan a littafi a 1891, masu yin biyu ne. Basil Hallward ya zana hoton saurayi Dorian Gray, ya ƙi baje shi a kasuwa don yana ganin ya zuba kansa da yawa a ciki. Lord Henry kuma ya sassaƙa tunanin saurayin da daɗin baki, yana kallonsa kamar gwaji. Hoton ya riƙa tsufa yana muni da kowane zunubi, fuskar Dorian tana nan yadda take. Bayan shekaru, Dorian ya kai Basil ɗakin sama ya nuna masa abin da zanensa ya zama. Basil, saɓanin Victor, ya tsaya, ya amsa nasa rabon laifin, ya ce su roƙi gafara tare. Nan take Dorian ya daɓa masa wuƙa. Lord Henry kuwa, wanda ya fi kowa hannu a lalacewar, har labarin ya ƙare babu abin da ya same shi. Wannan rashin daidaiton yana damuna, kuma ina jin da gangan aka bar shi.

H. G. Wells a 1896 ya kai abin maƙura. Likita Moreau yana yanka dabbobi da ransu a wani tsibiri yana mayar da su masu kama da mutane. Ba ya ƙyamarsu, ba ya son su, da ya gama da ɗaya sai ya sake shi ya kama wani. Abin da ke tsakaninsu doka ce da suke rerawa da tsoron ɗakin azaba. Da wata damisa da yake aiki a kanta ta kashe shi, dokar ta fara kwancewa, suka koma dabbancinsu sannu a hankali. A Amurka kuma, Edgar Allan Poe a 1842 ya ba da labarin mai zanen da ya duƙufa a kan hoton matarsa, bai lura tana ƙarewa ba, ya gama ya juyo ya tarar ta mutu. Nathaniel Hawthorne a 1843 ya kawo masanin da ya nace sai ya goge ɗan tabon da ke kumatun matarsa, tabon ya tafi da ranta. A duka waɗannan, mai yin ya fi son siffar da ke cikin kansa a kan mai ran da ke gabansa.

Ita Mary Shelley ta nuna wata hanya daban. A 1831 ta sake fitar da littafin da gyare-gyare, ta rubuta masa gabatarwa. A lokacin ta riga ta binne ƴaƴa uku cikin huɗun da ta haifa, mijinta kuma ya nutse a tekun Italiya a 1822. A gabatarwar ta kwatanta littafin da wani mummunan ɗa nata, ta ce tana ƙaunarsa, ta yi masa fatan alheri a duniya. Abin da tauraronta ya kasa yi ke nan: ta dubi abin da ta yi, ta ga muninsa, ta ce nata ne. Shi ma littafin, kamar kowane ɗa, ya fita daga hannunta. Fim ɗin 1931 wanda Boris Karloff ya fito a ciki ya ƙwace wa talikin harshe ya bar shi da gurnani, kuma wannan siffar ce ta fi yaɗuwa. Wanda ya san labarin daga fim kaɗai bai taɓa jin hujjar talikin ba.

Akwai mutum ɗaya a littafin da ya ji labarin duka ya kuma sauya hanya. Walton ma mai buri ne, ya kai ma'aikatan jirginsa cikin ƙanƙara don neman suna. Da suka ce a koma gida, Victor daga gadon mutuwarsa ya yi musu huɗubar jarunta, amma Walton, cikin ɓacin rai, ya yarda a juya jirgin kudu. Bai gano komai ba, kuma waɗanda suka rage da rai ya koma da su.

Wanda zai karanta littafin, da Faransanci ko da Ingilishi, ina ba shi shawara ya nemi bugun 1831, wanda shi ya fi yawa a hannun mutane, ya karanta babi na 5 a hankali, sannan babi na 11 zuwa na 16 a zama ɗaya. Idan kun kai wurin da talikin ya ƙwanƙwasa ƙofar tsoho makaho, ku gwada rubuta hirar tasu da Hausa da kalmominku. Za ku tarar dole ku zaɓi yadda zai gaishe shi, ko Baba zai ce masa ko Malam, da kuma abin da zai amsa idan tsohon ya tambaye shi ɗan wane ne shi. Sai mun haɗu a darasi na gaba.